Minti Goma da Aka Ba Balki

Jiya na ji ɗayanku a bakin famfo yana gaya wa ɗan'uwansa wai aikin ɗakin nan hutu ne: a ɗora wa jariri hula, a danna maɓalli, a zauna ana latsa salula har ordinatar, wato kwamfuta, ta gama. Ban tanka ba, don akwai uwa zaune da ɗa a cinya. Yau benci babu kowa, sai ku jawo kujeru. Watan gobe zan ajiye farar riga, ɗakin zai koma hannunku, kuma gara ku ji daga bakina.

Aikinmu ɗaukar rubutun ƙwaƙwalwa ne. A takarda EEG ake rubutawa, iyaye kuwa hoton kai suke cewa. Cikin duk waɗanda ake turo mana, mafi wuya su ne jariran da suka shiɗe a gida. Uwa tana wanki ko tana shara, ta waiga ta ga ɗa ya yi tsit, numfashi ya tsaya, leɓe ya yi baƙi, jiki ya saki kamar jiƙaƙƙen tsumma. Ta yi kururuwa, a yayyafa ruwa, a tari taksi. Kafin a haye gada daga Harobanda yaro ya dawo, yana jan ɗan kunnenta. Ta shigo asibiti da lafiyayyen ɗa da labarin mutuwa, kowa yana kallonta kamar mai ƙarya. Da yawansu nono ne ya sarƙe su, ko majina ta toshe hanya, kuma abin ba ya sake dawowa. Amma akwai waɗanda daga cikin kai abin yake tasowa: farfaɗiyar da ba ta zuwa da jijjiga, ko jini da ya zuba a ƙwaƙwalwa, ko ruwa da ya taru, ko sanƙarau yana shirin kamawa. Saboda waɗannan aka buɗe ɗakin nan.

Ranar da aka fara kawo ni nan ina ƙaramar infirmiya, wato nas, ban daɗe da zuwa Yamai daga Dogonduci ba, na tarar da Majo Hamani, shugaban ɗakin, yana busa bakin alƙalamin mashin. Bazabarme ne, dogo, Hausarsa ta kasuwa ce, kuma ba ya maimaita magana. Bai nuna mini mashin ba. Ya miƙo mini duma, da tef irin na tela, da jan fensir, ya ce, “Wannan kan ɗanki ne. Auna shi.” Daga karan hanci zuwa ƙashin ƙeya, daga kunne zuwa kunne, a raba, a ɗiga alama inda kowace waya za ta zauna. In na kauce da faɗin ƙwayar gero sai ya goge da yawu, ya ajiye mini duman ya fita. Wata uku ban taɓa kan ɗan Adam ba.

Mashin ɗin lokacin ya kai teburin mai shayi. Alƙaluma takwas ne a jere, kowanne da kwalbar tawadarsa, takarda tana fita daga ƙasa a ninke tana wucewa ƙarƙashinsu. Kowace safiya sai an bi bakin kowane alƙalami da siririyar waya an tura ruwa da sirinji, in ba haka ba ya toshe a tsakiyar aiki. Babu hular da kuke da ita yanzu. Ƴan ƙananan kofunan azurfa ne, ɗaya bayan ɗaya, a goge fatar kai, a cika kofi da man liƙi, a danna, a rufe da ɗan ƙyalle. Kan jariri kuwa ba duma ba ne. Yana da taushi, maɗiga tana bugawa a ƙarƙashin yatsanka, yana zufa, mai kan kuma yana ƙoƙarin fizge duk abin da ka liƙa.

Sai da na iya liƙi Majo ya fara koya mini ƙaryar takarda. Zufar bazara tana sa layi ya yi ta lilo. Tsotson nono yana da nasa zanen. Uwa in tana bubbuga bayan ɗa, alƙaluma sai su yi rawa daidai da hannunta, wanda bai sani ba ya rantse farfaɗiya ce. Shi ya sa idonka ɗaya yana kan takarda, ɗaya yana kan yaro, fensir a hannu kana rubutawa a gefe: yana tsotso, ya yi hamma, uwa ta motsa. Kuma ba a gaggawa. Ƙwaƙwalwar jariri tana ɓoye aibinta in yana farke, sai barci ya fara ɗaukarsa take sakin jiki. Majo yakan ce da uwa ta hana ɗa barcin hantsi, ta zo da shi da yunwa kaɗan, a liƙa wayoyi sannan ta ba shi nono. Daga nan sai jira, ko da zai kai awa.

Amma kafin waya ta taɓa kai, tambaya ce. Wani direban babbar mota daga Yantala ya kawo ɗansa mai wata tara, ya ce sau uku yana mutuwa yana dawowa. Majo ya zaunar da uwar yaron ya ce, “Me ya fara zuwa?” Ta ce shiɗewa. Ya ce, “Kafin shiɗewa.” Ta yi tunani ta ce an ƙwace masa cokali, ya tsala kuka, kukan ya ɗauke, sannan ya yi baƙi. Duk ukun haka? Duk ukun. Majo ya dubi direban ya ce, “Ɗanka zuciya ce da shi, irin taka. Zai bari da kansa. Amma ka daina girgiza shi in ya shiɗe, girgizar ita ce za ta zubar masa da jini a kai.” Mun ɗauki rubutun duk da haka, ya fito tas. Wanda kuka ya riga shiɗewarsa daban, wanda ya shiɗe da nono a baki daban. Wanda ake tsoro shi ne wanda yana kwance lafiya, babu kuka babu tari, ya yi tsit ido buɗe, in ya dawo kuma ya faɗa barci mai nauyi. Kun taɓa tambayar uwa wane gefe idon ɗanta ya kalla? Na duba takardunku na makon nan, babu wanda ya rubuta.

Mummunar shekarar ta zo bayan Majo ya ajiye aiki ya koma garinsu. Takardar mashin daga waje ake kawo ta, shekarar nan ba a kawo ba. Aka ce tana hanya, aka ce tana tashar jirgin ruwa, aka ce wanda zai sa hannu ya yi tafiya. Na koma ɗakin ajiya ina zaro tsofaffin rubutu na mutanen da suka daɗe da rasuwa, ina juya bayansu, ina haɗa su da gam. Su ma suka soma ƙarewa. Sai aka aiko mini da umarni daga ofis: kowane yaro minti goma, ba jiran barci. Na hau sama na ce minti goma a kan jariri daidai yake da leƙa rijiya da rana tsaka ka ce ba ka ga tauraro ba. Aka ce mini, “Kala suuru, Madam Rakiya.” Haƙuri dai. Babban lokotoro, likitan da ya saba karanta rubutun yara, yana ƙasar waje wajen ƙaro karatu, aka ba wani sabo riƙon wurin, wanda bai fi shekara da fitowa daga makaranta ba.

Wata Talata cikin tsakiyar zafi Malam Lawali ya shigo da matarsa Ramatu da ɗiyarsu Balki, mai wata huɗu. Tela ne a Kirkisoy, can hayin gada, mutumin Maradi, har da zare a maƙale a gaban rigarsa. Mata bakwai ne a benci ranar, su ne na uku. Na tambayi Ramatu me ya fara zuwa.

Ta ce, “Tanti, babu abin da yake fara zuwa. Tana kwance tana wasa da ƙafarta, sai ta tsaya.”

“Idonta a rufe ko a buɗe?”

“A buɗe. Yana tafiya can gefe, kamar wani ya kira ta.”

“Wane gefe?”

Ta juya ɗiyar a cinyarta ta gwada, ta ce, “Hagu. Kullum hagu. Bakinta kuma yana motsi kamar tana tauna abu. Sai leɓen ya yi baƙi.”

“In ta dawo fa?”

“Barci, Tanti. Ko nono ba ta karɓa.”

Sau biyar cikin kwana goma sha biyu. Malam Lawali ya ce mahaifiyarsa ta ce iska ce, an yi hayaƙi, an yi rubutu an shafa mata, shi dai ya ce bari a gwada na asibiti. Ya ce, “Madam, ni abin da na ce wa uwarta, in mashin ya ce akwai, to akwai. In ya ce babu, mu bar wa Allah.”

Na auna kan, na liƙa wayoyi, na kunna. Yarinyar tana farke, tana kallon fanka, tana wutsil-wutsil da ƙafa. Rubutu yana fita lafiya lau. A minti na tara ta yi hamma, idonta ya fara lumshewa. Na ga hammar, har na rubuta ta a gefen takarda. Na dubi abin da ya rage a ƙasan mashin, na dubi ƙofa inda mata huɗu suke jira, biyu daga cikinsu tun daga ƙauye suka zo. Minti goma ya cika na kashe. Ba wanda ya riƙe mini hannu, ni na kashe.

Na cire wayoyin, na ɗauko auduga da ruwan ɗumi ina wanke mata man liƙi. Kanta yana cikin tafin hannuna na hagu. Sai na ji wuyan ya ƙage. Idon ya tafi hagu ya tsaya, baki ya shiga tauna, ƙirjin ya daina ɗagawa. Na ga leɓen yana sauya launi, daga ja zuwa toka zuwa baƙi. Na kwantar da ita a gefe, na ɗaga haɓarta, na dubi agogon bango. Ramatu tana cewa, “Ga shi nan, Tanti, ga shi nan, kin gani?” Daƙiƙa arba'in da wani abu, sannan ta ja numfashi da ƙara, jikin ya saki. Wayoyin suna cikin kwano a kan tebur, mashin a kashe, alƙaluma takwas a tsaye.

Na aika Malam Lawali da gudu ya kira lokotoro. Kafin ya sauko yarinyar ta koma jajir, tana barci a kafaɗar uwarta. Ya saurari ƙirjinta, ya haska idonta, ya taɓa maɗiga, ya buɗe takardar ya bi ta shafi-shafi. Na gaya masa abin da na gani, da gefen da idon ya kalla, da tsawon lokacin.

Ya ce, “Yaushe ta sha nono?”

Ramatu ta ce kafin a liƙa wayoyi.

Ya ce, “To, shi ne. Nono ne yake dawo mata.”

Na ce, “Lokotoro, ba ta yi tari ba, ba ta yi kumallo ba. Farfaɗiya ce, a hannuna ta yi.”

Ya ce, “Madam Rakiya, a ina take a nan?” Ya buga takardar da bayan yatsa. “Ni abin da aka rubuta nake karantawa. Ba zan ɗora jaririya mai wata huɗu a kan maganin farfaɗiya na shekaru saboda an ce an gani ba. In kina son rubuta ordinans ɗin magani, makarantar likitoci tana Lamorde, ba ta tashi ba.”

A gaban iyayen ya faɗa. Ya rubuta cewa rubutun ƙwaƙwalwa lafiya yake, ya buga hatimi, ya rubuta siro, maganin ruwa na ciki, ya ce a riƙa ɗaga ta bayan nono. A ƙasa ya ƙara kalma biyu da Faransanci, ma'anarsu uwa mai yawan tsoro. Ba zan ce mugu ba ne. Abin da aka koya masa ya yi, kuma ba ya son a ga infirmiya ta gyara shi.

Na raka su har bakin ƙofa. Na ce su dawo ran Alhamis da hantsi, kada a bar ta ta yi barci, zan nemo takarda ko ta halin ƙaƙa mu yi awa guda. Malam Lawali ya ninke takardar hatimin ya sa a aljihu ya ce, “Madam, ba ga shi an ce lafiya ba?” Na ce ya dai dawo. Na san sunan maganin da take bukata, na san yadda ake auna shi da nauyin yaro, na sha ganin an rubuta shi. Ban rubuta ba, ban kuma faɗa musu sunansa ba, don ba hurumina ba ne. Haka doka ta ce, kuma na bi ta.

Ran Laraba da azahar aka ɗauke wuta, aka tada gurup, injin wutar asibiti, wutar gari ta dawo da ƙarfi ta haɗu da ta gurup. Na ji ƙauri kafin in kai ga soket. Mashin ya ƙone. Ran Alhamis Ramatu ta zo ita kaɗai da goyo, ta hana yarinyar barci tun safe kamar yadda na ce, yarinyar tana ta kuka. Na nuna mata mashin. Na kai ta ƙofar lokotoro, ya ce ya riga ya ga wannan, a ci gaba da siro. A lokacin duk garin nan babu wani wurin da zan tura ta. Babu kuma salula mai ɗaukar hoto a hannun irin su Ramatu, balle in ce ta ɗauko mana abin in ya zo. Ta sake zuwa sau biyu cikin watan, tana gaya mini ya ƙaru, yanzu har hannun dama yana karkarwa. Na rubuta a ƴar takarda na kai sama, aka ce a jira babban lokotoro. Daga nan ba ta ƙara zuwa ba. Daga baya ta gaya mini maigidan ne ya ce ya isa, asibiti ya ba da takarda da hatimi, yawon me take yi da yarinya cikin rana.

Wata biyar ɗakin nan yana rufe. Aka mayar da ni sashen gaggawa na yara ina sa ruwa ina yin allura. A can suka same ni, wata ranar kasuwa wajen ƙarfe ɗaya. Abin ya kama Balki tun sha ɗaya da rabi, wannan karon da jijjiga, bai kuma sake ta ba. Taksin ya maƙale a kan gada bayan wata motar itace da ta lalace, Malam Lawali ya sauka ya saɓa ta a kafaɗa ya ƙarasa hayewa da ƙafa. Da ya shigo babu takalmi ɗaya a ƙafarsa. Na nemi jijiya a hannu ban samu ba, na samu a fatar kai, wurin da na taɓa liƙa waya. Allura ta farko ba ta tsayar ba, sai ta biyu. Ta rayu. Kwana tara ta yi a gado, ranar da ta buɗe ido kuwa ba ta bi fuskar uwarta da kallo ba.

Bayan damina babban lokotoro ya dawo, aka kawo sabon mashin, kakan wannan da kuke dannawa. Balki ce ta biyu da na ɗora a kai. Tana da wata tara, ba ta zama, wuyan ba ya tsayawa, hannun dama a dunƙule. Ban ma jira barci ba. Tun minti na farko abin ya cika allo, ko ɗan istaj da ya fara koyon aiki makon nan zai karanta. Babban lokotoro ya nemi tsohuwar takardar, Malam Lawali ya zaro ta daga cikin leda, a ninke yadda ya sa ta. Lokotoron ya karanta, na ɗauko masa rubutun mashin na ranar, ya ga inda na rubuta hamma a minti na tara, ya ga inda rubutun ya yanke. Ya dube ni ta saman tabarau. Ya rubuta maganin. Wanda na sani ne, a ma'aunin da na sani. Cikin mako biyu shiɗewar ta tsaya. Ya ce wa iyayen akwai ɗan tabo a ƙwaƙwalwa tun haihuwa, shi yake tada abin, kuma ba zai iya rantsuwa cewa da an fara magani da wuri da ba a kai nan ba. Gaskiya ya faɗa, ba mai iya rantsuwa. Sabon lokotoron kuwa an ƙara masa girma a shekarar da ta biyo, wanda ya ƙi sa hannu a kawo takardar mashin kuwa ban taɓa sanin ko wane ne ba.

Ranar ina wanke wa Balki kai, Malam Lawali ya fita nemo taksi, Ramatu tana riƙe da kwanon ruwa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Tanti, yau mashin ya gani?”

Na ce, “Ya gani.”

Ta ce, “Ni na gani, ke kin gani. Ashe shi ake jira.”

Na ci gaba da wanki. Ta karɓi ɗiyarta ta goya, ta yi mini sai an jima.

Balki tana nan da rai. Ta kai shekarun da sa'o'inta suke ɗaukar tallan goro, amma har yau a baya ake kawo ta, ƙafafunta suna kaiwa gwiwar uwarta. Duk wata shida suke zuwa a duba rubutu a gyara ma'aunin magani. Randabunsu na gaba, ranar da aka ce su dawo, ya faɗa bayan na tafi, saboda haka ɗayanku ne zai karɓe su. Ba ta son a taɓa mata kunnen dama, ku fara liƙi daga hagu. Uwar ba za ta ce muku komai ba sai kun tambaya, in kuma ta faɗa ku rubuta yadda ta faɗa. Ko mutum nawa ne a benci, kada wanda ya kashe mashin kafin yarinyar ta yi barci.